Ba Dusar Ƙanƙara Ce Ke Yanka Farashi Ba: Tarihin Inshorar Mota a Birnin Detroit

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da masu cewa sun fi gane karatu.

Yau tafiya ce mai nisa. Za mu leƙa birnin Detroit da ke jihar Michigan a arewacin Amurka, dab da iyakar Kanada. Abin da ya kai ni can kuwa saƙon murya ne. Wani abokina da muka gama jami'a tare ya samu tafiya ƙaro karatu a birnin. Hunturunsa na farko ya sha wuya a tashar bas, sai ya tattara ɗan abin da ya tara ya sayi wata tsohuwar mota. Kwana biyu sai ga saƙonsa, murya a sanyaye: "Mutumina, motar na saya, amma kuɗin inshorar da aka yanka min na shekara ya kusa kamo kuɗin motar kanta."

Na yi dariya na ce masa ai dole, garin da ƙanƙara ke zuba motoci suna sulɓi suna karo da juna, ba dole kamfani ya tsawwala ba? Ya ce haka shi ma ya zata da farko. Sai ya ce in je in karanta tarihin abin, sannan mu yi magana. Na karanta, kuma gaskiya na janye dariyata.

Sanyin dai akwai shi

Kada mu raina ƙanƙarar tukuna. A shekara, dusar da ke zuba a Detroit takan haura mita ɗaya in an tara ta. Akwai kuma wata muguwar ƙanƙara da ke shafe a kan kwalta kamar gilashi, ido ba ya ganinta, sai dai ka taka birki ka ji mota ta ƙi jin magana. Ranar 9 ga Janairun 2015, a kan babbar hanyar I-94 da ta taso daga Detroit ta nufi Chicago, a tsakanin garuruwan Battle Creek da Kalamazoo, motoci 193 suka afka wa juna cikin guguwar dusar ƙanƙara. Mutum ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata, wata tirela ɗauke da kayan wasan wuta ta kama da gobara tana ta fashe-fashe.

Don magance santsi sai a riƙa watsa gishiri a kan titi. Abin mamaki, a ƙarƙashin birnin kansa akwai mahaƙar gishiri mai zurfin fiye da mita 300. Gishirin yana narkar da ƙanƙara, amma yana cin ƙarfen mota ta ƙasa. Ruwa kuma ya shiga tsagar kwalta, ya daskare, ya kumbura, ya narke, kafin bazara titi ya zama ramuka.

To amma ga tambaya. Birnin Buffalo a jihar New York yana samun kusan ninki biyu na dusar Detroit, kuma ba a biyan irin wannan kuɗi a can. A cikin Michigan ɗin ma, garuruwan can ƙuryar arewa irin su Marquette suna nutsewa cikin ƙanƙara duk shekara, amma direbobinsu ba sa biyan abin da ɗan Detroit ke biya. Jihohin Maine da Vermont masu tsananin sanyi suna cikin mafiya arahar inshora a Amurka, yayin da Florida da Louisiana, inda da wuya a ga ƙanƙara, suke cikin mafiya tsada. Ka ga ashe biri ya yi kama da mutum ne kawai. Ƙanƙara tana da hannu a haɗari, amma farashin wasu ne suka yanka shi, a majalisa da kotu da ofisoshin kamfanoni.

Garin da ya ɗora duniya a kan taya

A nan ne Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908. A 1913 ya kafa tsarin harhaɗa mota a kan layi mai tafiya, a 1914 ya fara biyan ma'aikata dala 5 a rana, kuɗi mai tsoka a wancan zamani. Mutane suka yi ta kwarara, ciki har da baƙaƙen fata da suka baro jihohin kudu suna gudun wariya. Zuwa 1950 mutanen birnin sun kai kusan miliyan 1 da dubu 850.

Sai dai garin da ke ƙera mota ya gina kansa ne domin mai mota. A 1956 aka dakatar da jiragen cikin gari masu bin dogo a kan titi. Aka shimfiɗa manyan hanyoyi, masana'antu da masu hali suka bi su zuwa unguwannin bayan gari, ayyukan yi suka bi bayansu. A ƙidayar 2020 mutanen birnin ba su kai dubu 640 ba, kusan kashi 80 cikin 100 baƙaƙen fata ne. A 2013 ma gwamnatin birnin ta bayyana cewa ta karye, bashi ya yi mata katutu.

Ma'anar wannan ita ce, a Detroit mota ba ado ba ce. A 2015 wata jaridar birnin ta ba da labarin wani ma'aikacin masana'anta ɗan shekara 56 da motarsa ta mutu tun 2005, ya kasa sayen wata. Kullum sai ya taka kimanin mil 21 a ƙasa, zuwa da dawowa, saboda bas ba ta kai wa inda yake aiki. Cikin ƙanƙara fa, jama'a. Ku riƙe wannan a zuciya, domin duk maganar da za mu yi kan inshora magana ce kan wanda zai iya zuwa wurin aiki da wanda ba zai iya ba.

1973: dokar kowa da kamfaninsa

A da, in an yi haɗari a Amurka, sai an gano mai laifi kafin a biya kowa. Ka kai ƙara, lauyoyi su yi ta ja, shekaru su wuce, kai kuma kana kwance asibiti bashi na hawa. Mai ƙaramin rauni yakan samu fiye da asararsa don kamfani ya rabu da shi, mai babban rauni kuma yakan tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Ka yi tunanin wancan karon motoci 193: wa za a ce shi ne mai laifi?

A 1965 wasu malaman shari'a biyu, Robert Keeton da Jeffrey O'Connell, suka fito da wata shawara. Suka ce a ajiye batun laifi gefe: duk wanda ya ji rauni, kamfanin inshorarsa ya biya masa jinya nan take, shi kuma ya haƙura da kai ƙara sai in raunin ya yi tsanani. Jihar Massachusetts ce ta fara aiki da tsarin a 1971. Michigan ta bi sahu, Gwamna William Milliken ya sa hannu a 1972, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 1973.

Amma Michigan ta yi abin da ya zame mata ita kaɗai a duk faɗin ƙasar: ta ce kuɗin jinya ba shi da iyaka. In haɗarin mota ya karya maka laka ko ya taɓa ƙwaƙwalwarka, za a ɗauki nauyin magani da masu kula da kai da gyaran gidanka don keken guragu ya shiga, har iya rayuwarka. Za a kuma biya ka kashi 85 cikin 100 na albashin da ka rasa har shekara uku, da dala 20 a rana ta ayyukan gida da ka kasa yi, kamar kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Wannan dala 20 ɗin haka take tun 1973, ba ta motsa ba.

Ganin cewa mutum ɗaya zai iya cin miliyoyi, ƙananan kamfanoni kuma su durƙushe, sai a 1978 aka kafa wani asusun haɗin gwiwa mai suna MCCA. Kowace mota mai inshora tana zuba wani abu a ciki duk shekara. Idan jinyar mutum ta wuce wani adadi, asusun ne ke maida wa kamfani abin da ya haura. A farko dala 3 ce a kan kowace mota. Zuwa 2019 ta kai dala 220.

Gaskiya in ka kalli niyyar, abin yabo ne. Al'umma ce ta ce ba za ta bar wanda mota ta nakasa ya koma bara ba. Mutanen jihar kuma sun so abinsu: a 1992 da 1994 an kawo musu ƙuri'ar raba gardama don a sa wa jinyar iyaka, sau biyu suna watsi da ita.

Inda gizo ya yi saƙa

An buɗe jaka babu iyaka, amma ba a sa farashi ba. Dokar ta ce a biya kuɗin da ya dace, ba ta faɗi nawa ba. Sai ya zama hoton da za a ɗauki mutum a asibiti, in inshorar lafiyar gwamnati ce za ta biya farashi daban, in inshorar mota ce farashi ya ninka. Allunan tallan lauyoyi suka cika manyan tituna. Kamfanoni suna cewa ana yi musu zamba, asibitoci da lauyoyi suna cewa kamfanoni ne ke ƙin biya sai an maka su kotu. Dokar da aka yi don a rage shari'a ta koma cika kotuna da ƙararraki.

Sannan a Detroit mutane da yawa ba su da inshorar lafiya mai ƙarfi daga wurin aiki, don haka duk nauyin jinya yana faɗawa kan ta mota. Ga satar motoci, ga cunkoso. Waɗannan dalilai ne na gaske, ba zan ɓoye su ba.

Amma akwai na biyu, shi ne adireshi. A shekarun 1930 hukumomin gidaje na gwamnatin tarayya sun zana taswirar birane, suka shafa wa unguwannin baƙaƙen fata jan launi, alamar cewa ba a ba da rance a nan. A 1941, kusa da titin Eight Mile da ya raba Detroit da bayan gari ta arewa, wani mai gina gidaje ya kafa katanga mai tsayin kusan mita biyu tsakanin unguwar baƙaƙe da sabuwar unguwar farare, domin a yarda a lamunce masa rance. Katangar tana nan har gobe. Kamfanonin inshora su ma sun daɗe suna yanka farashi bisa unguwa, sannan suka ƙara da tarihin biyan bashin mutum, da matakin iliminsa, da sana'arsa, da ko gidan kansa yake ko haya. Sai a wayi gari direban da bai taɓa gogar ko keke ba yana biyan ninkin abin da wani ke biya a hayin titi. Alhali ƙanƙarar da ta zuba kudu da Eight Mile ita ce ta zuba arewa da shi.

Tun 1978 Kotun Ƙolin Michigan ta hango wannan. A shari'ar Shavers ta ce tunda gwamnati ta wajabta inshora, wajibi ne ta tabbatar ana samunta a farashi na adalci. Majalisa ta yi doka a 1979 da ta taƙaita bambancin farashi tsakanin yankuna. Amma a shekarun 1980 da 1990 aka yi ta sassauta ta har ƙarfinta ya tafi.

Sakamakon? Wani rahoto na Jami'ar Michigan a 2019 ya nuna matsakaicin kuɗin inshorar mota a Detroit ya haura dala 5,000 a shekara, kusan kashi 18 cikin 100 na abin da matsakaicin gida ke samu. Ma'aikatar kuɗin Amurka kuwa tana ganin in inshora ta wuce kashi 2 cikin 100 na samun mutum, to ta fi ƙarfinsa.

Dabarun talaka

Wanda aka matse sai ya nemi hanya. Wasu suka riƙa sayen inshorar kwana bakwai, iya abin da zai ishe su sabunta lambar mota, daga nan su ci gaba da tuƙi hannu rabbana. Wasu suka rubuta adireshin wani ɗan'uwa a bayan gari. A jihar baki ɗaya, an ƙiyasta kusan direba ɗaya cikin huɗu ba shi da inshora a 2019, a Detroit kuma abin ya fi haka.

Kowace dabara da kuɗinta. Tuƙi babu inshora laifi ne da zai iya kai mutum ga tarar dala 200 zuwa 500 ko ɗaurin da ya kai shekara. Daga 2003 jihar ta ƙara wani kuɗin horo a kan tarar, wanda ya kasa biya a dakatar da lasisinsa. Ba lasisi, ba aiki. Ba aiki, ba kuɗin biya. Sai a 2018 aka soke wannan kuɗi aka yafe wa dubban ɗaruruwan direbobi bashin. Mafi muni, in ka yi haɗari da motarka marar inshora, ba ka da haƙƙin wancan kuɗin jinya, ko da wani ne ya buge ka.

Batun adireshi kuwa shi ya fi tsaya min a rai. A Michigan adireshin lasisin tuƙi da na rajistar zaɓe tafiyarsu ɗaya. Wanda ya kai adireshinsa bayan gari don neman sauƙin inshora ya kai ƙuri'arsa can ke nan. Kun ga yadda takardar kamfani take rage wa gari murya a akwatin zaɓe? Mutanen da abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne suka rasa bakin zaɓen wanda zai gyara.

2019: an ba kowa zaɓi

Magajin garin Detroit na wancan lokaci, Mike Duggan, ya nemi a ba birnin inshora mai rahusa a 2015, majalisar jiha ba ta amince ba. A 2018 ya haɗu da wasu direbobi suka kai ƙara kotun tarayya. Attajirin birnin Dan Gilbert shi ma ya yi barazanar tattara sa hannun jama'a don a sauya dokar ko da 'yan siyasa sun ƙi. Ranar 30 ga Mayun 2019 Gwamna Gretchen Whitmer ta sa hannu a sabuwar doka da jam'iyyun biyu suka mara wa baya. Daga Yulin 2020 direba yana zaɓen iyakar kuɗin jinyarsa:

- marar iyaka, kamar da;
- dala 500,000;
- dala 250,000;
- dala 50,000, ga wanda ke kan Medicaid, inshorar lafiyar marasa ƙarfi;
- ko ya fita gaba ɗaya, in yana da Medicare, wadda galibi ta tsofaffi ce, kuma mutanen gidansa suna da tasu kariyar.

Aka umarci kamfanoni su rage farashin wannan ɓangare na tsawon shekara takwas, daga kashi 10 ga mai marar iyaka zuwa kashi 45 ga mai dala 50,000. A lura, ragin a ɓangaren jinya ne kawai, kuma matsakaici ne na jiha, ba alƙawari ga kowane mutum ba. Aka haramta amfani da jinsi, da aure, da sana'a, da ilimi, da mallakar gida, da makin bashi, da lambar unguwa ta gidan waya. Amma an bar ƙofa: kamfani yana iya yanka farashi bisa yanki da ya shata, kuma yana iya duba wasu bayanan bashi ta wata siga. An kori kura ta ƙofa, ta dawo ta taga.

Akwai kuma wani gefen da mutane ba su lura da shi da wuri ba. Tunda yanzu jinyar wani za ta iya wuce iyakar da ya zaɓa, yana iya kai ƙarar wanda ya buge shi don ya biya ragowar. Shi ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin kariyar abin da ka jawo wa wani: daga dala 20,000 ga mutum ɗaya da 40,000 ga haɗari guda, zuwa 250,000 da 500,000, sai in ka sa hannu ka sauko zuwa 50,000 da 100,000.

Ita kuma motar fa?

A nan ne hunturu ke shigowa da gaske. A Michigan, in wani ya bugi motarka a kan hanya, abin da za ka iya nema a wurinsa na gyara bai wuce dala 3,000 ba. Ragowar sai in ka sayi kariyar karo, wadda ba dole ba ce a doka, kuma iri uku ce. Ƙarama tana biya ne kawai in laifinka bai wuce rabi ba. Matsakaiciya tana biya ko laifin wa ne, amma kai za ka fara cire wani adadi daga aljihunka. Babba kuma, in laifinka bai wuce rabi ba, ana yafe maka wannan adadin.

Yanzu ka ɗauka da asuba ce a watan Janairu, ka taka birki, mota ta sulale ta rungumi turken lantarki. Ƙanƙara ba ta zuwa kotu, don haka galibi laifin naka ne. Mai ƙaramar kariya ba zai ga ko sisi ba. Haka in rami ya fasa maka taya ya lanƙwasa ƙafar mota, a lissafin karo yake. Sata, gobara, fashewar gilashi, reshen bishiya da nauyin ƙanƙara ya karyo, da bugun barewa, waɗannan wata kariyar ce daban. Kuma barewa ba wasa ba ce a can, ana samun haɗari da ita fiye da 50,000 a shekara a jihar. Abin dariya, in ka bugi barewa lissafi ɗaya ne, in ka kauce mata ka bugi bishiya lissafi ya sauya. Wanda ya ci bashin banki ya sayi mota ba shi da ta cewa, bankin zai tilasta masa duka biyun. Tsatsar gishiri kuwa ba mai biya, lalacewa ce ta yau da gobe.

Mu ma nan abin ya shafe mu kaɗan. Motar da kamfanin inshora ya ga gyaranta ya fi ƙarfin darajarta yakan biya mai ita ya tura ta gwanjo, kuma daga irin wannan gwanjo ne ake lodin da yawa daga cikin motocin Amurka da ke sauka Legas da Kwatano. In za ka saya, sa bakanike ya leƙa ƙarƙashinta. Motar jihohin gishiri daga ƙasa take fara mutuwa.

Wa ya biya kuɗin rahusar?

An ga sauƙi, ba ƙarya. Kuɗin asusun MCCA ya sauko daga dala 220 zuwa 100, sannan 86. A 2022 aka maida wa kowace mota mai inshora dala 400 daga rarar asusun. Sai dai ba da jimawa ba asusun ya shiga giɓi, shekara guda bayan haka aka ɗaga kuɗin zuwa dala 122 ga masu marar iyaka, har waɗanda suka zaɓi ƙaramar iyaka sai da aka ɗora musu dala 48.

Amma babban kuɗin wasu ne suka biya shi da jikinsu. Daga Yulin 2021 aka sa wa asibitoci farashi, abin da ya kamata a yi tun 1973. Sai dai ga masu kula da majinyata a gida da cibiyoyin farfaɗo da masu raunin ƙwaƙwalwa, an zaftare kashi 45 cikin 100 na abin da suke karɓa. Dangin da ke jinyar nasu kuma aka ce ba za a tilasta wa kamfani biyansu fiye da awa 56 a mako ba. Wasu cibiyoyin suka rufe, wasu suka sallami majinyata. Mutane kusan 18,000 ne ke dogaro da asusun a lokacin.

Fuskar da duk jihar ta sani ita ce ta Vladimir Konstantinov, ɗan wasan hoki na ƙanƙara daga Rasha. A Yunin 1997 ƙungiyarsa Detroit Red Wings ta ci kofin Stanley, karon farko cikin shekara 42. Bayan kwana shida motar da aka ɗauko shi a ciki ta daki bishiya, ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Tsakiyar bazara ce, ko ɗigon ƙanƙara babu a titi. Shekara fiye da ashirin tsohuwar doka tana biyan masu kula da shi dare da rana, sai ga shi a 2022 ana fargabar zai rasa su. Ranar 31 ga Yulin 2023 Kotun Ƙolin jihar, a shari'ar Andary, ta yanke cewa ragin bai shafi waɗanda suka ji rauni kafin sabuwar doka ba. Waɗanda suka ji rauni bayanta kuwa, ragin yana kansu.

Abin da na fahimta

Kalmar zaɓi tana da daɗin ji. Amma ka tambayi kanka, wa ke zaɓen dala 50,000? Ba wanda ya tabbata ba zai yi haɗari ba ne, wanda aljihunsa ya zaɓa masa ne. Kuma a asibitin Amurka mummunan rauni yana iya cinye wannan kuɗi cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai inshorar gwamnati, sai kuma uwa ko mata ta bar aikinta ta zauna jinya. Haɗarin bai ragu ba, an dai sauke shi daga kan jama'a an ɗora wa mutum ɗaya.

Ban ce tsohon tsarin ya yi daidai ba. Tsarin da ya kori direba ɗaya cikin huɗu daga inshora ya gaza, komai kyan niyyarsa. Amma an shekara fiye da arba'in ana ganin inda jakar ke yoyo, wato farashin da ba a ƙayyade ba da rabon kuɗi bisa unguwa, kuma da aka zo gyara, masu ƙarfi sun zauna a teburin, wanda ke kan keken guragu ne aka yanka rabonsa.

A Najeriya ma inshorar abin da ka jawo wa wani wajibi ce, tun 1945 aka fara kafa dokar. A Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, kariyar dukiya ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, kuma daga Fabrairun 2025 'yan sanda suka ce za su tsananta bincike. Mu nawa ne muka san abin da takardar ta ƙunsa? Mu nawa muka taɓa neman haƙƙinmu da ita, ba nuna ta a shingen hanya kawai ba? Darasin kotun Michigan na 1978 ya dace da ko'ina: gwamnatin da ta tilasta maka saye, kana bin ta bashin adalci a farashi da kuma biya in ta ɓaci.

Abokina dai ya yanke shawara. Ya bar kariyar karo, tunda motar tsohuwa ce, in ta tafi ta tafi. Amma ya riƙe babbar iyakar jinya, duk da tana cin aljihunsa. Ya ce min, "Mota ana sake saye, ƙashin baya kuwa ɗaya Allah ya ba ni." Da na tambaye shi ko haka maƙwabtansa suka yi, sai ya yi shiru, sannan ya ce yawancinsu ba su da halin yin wannan lissafin.

A nan za mu dasa aya. Wanda yake zaune a garin ƙanƙara, ko wanda ya taɓa karɓar diyya daga kamfanin inshora a nan gida, muna son jin yadda ta kaya. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.